Tarihin OO/HO: Mudu Biyu a Kan Kwali Ɗaya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sha'awa da ta haura shekara ɗari, wadda yara da magidanta har da tsofaffi suke kashe wa kuɗi da lokaci, wato haɗa ƙaramin jirgin ƙasa a kan tebur. Mutum zai shimfiɗa ɗan layin dogo a kan katako, ya ɗora kan jirgi da taragu masu tafiya da lantarki, sannan ya kewaye layin da tasha da gidaje da kantuna da gada, har abin ya koma kamar gari ne aka ƙanƙanta. Su waɗannan gidaje a kwali ko a leda suke zuwa gunduwa-gunduwa, bango daban, rufi daban, ƙofa da taga daban, mai saye ne zai zauna da gam ya haɗa abinsa.

To idan mai karatu ya dubi hoton tsofaffin kwalayen nan na shekarun 1950 da 1960, zai ga an buga wasu haruffa a jikinsu. A Ingila OO/HO, a Jamus H0, a Amurka O/S. Duk wanda ya gani zai ɗauka awon gidan da ke ciki ake faɗa masa. Amma masu tara irin waɗannan tsofaffin kaya sun sha sayen kwali biyu masu rubutu iri ɗaya, su haɗa su jera, sai su tarar ƙofar wannan ta fi ta wancan tsawo nesa ba kusa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da tarihi ya nuna shi ne, haruffan nan kasuwar da ake so kayan su shiga suke nunawa, awon gidan kuwa sai wanda ya ɗauko rula.

Awo biyu ne tun farko

Kafin mu yi nisa, akwai abu biyu da ya kamata mu raba. Na farko faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da jirgi ke tafiya a kai. Wannan mun san shi a gida: tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, shi kuwa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne, irin wanda Ingila da Jamus da Amurka suke amfani da shi. Jirgin wannan ba zai hau layin wancan ba.

Na biyu ma'aunin ƙanƙantawa, wato sau nawa aka rage girman abu na gaske. Idan aka rubuta 1:87, ma'ana milimita ɗaya a jikin ƙaramin abin daidai take da milimita 87 a jikin na gaske. A ƙa'ida ya kamata awo biyun su tafi tare: idan ka rage jirgi sau 87, ka rage dogonsa ma sau 87. Duk rikicin da za mu karanta a ƙasa daga rabuwar waɗannan biyun ya taso.

Märklin da lambobinsa

A shekarar 1891, kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ya kai kayansa bajekolin Leipzig da wani sabon tsari. Ya yi layukan dogo gunduwa-gunduwa masu haɗuwa da juna, ya ba kowane faɗi lamba, 1 da 2 da 3, har sama. Hikimar ta kasuwanci ce. Uban da ya sayi jirgi mai lamba 1 bana, baɗi zai dawo ya sayi ƙarin layi da tarago mai lamba 1, ya san za su dace. Bayan wasu 'yan shekaru aka fito da wanda ya fi lamba 1 ƙanƙanta, tun da babu lamba a ƙasa da ɗaya sai aka sa masa sifiri, 0. Turawan Ingila da Amurka suka riƙa kiran sifirin nan da sunan harafin O, har ya bi shi. Jamusawa kuwa har yau sifiri suke rubutawa.

Mai karatu ya lura, lambobin nan na dogo ne kawai. Faɗin lamba 1 milimita 45, na lamba 0 milimita 32. Babu wanda ya yi alkawarin girman jirgin da za a ɗora a kai, balle na tashar da za a ajiye a gefe, domin a lokacin kayan wasan yara ne na gwangwani. Da manya suka shigo harkar suna son abu ya yi kama da na gaske, sai kowace ƙasa ta zaɓi nata ma'auni a kan wannan dogo na milimita 32. Ingila ta ɗauki milimita 7 a madadin kowace ƙafa ɗaya, wato 1:43.5. Amurka ta ɗauki rubu'in inci a madadin ƙafa, wato 1:48. Da yawa a sauran Turai suka tsaya a kan 1:45. Ka ga tun daga nan harafi ɗaya ya ɗauki awo uku.

Rabin sifiri da sifiri biyu

Bayan yaƙin duniya na farko, masu sayen kayan suka ƙaru amma ɗakunansu ba su da faɗi, ana neman jirgin da zai zauna a kan teburin cin abinci. A farkon shekarun 1920 kamfanin Bing na Nuremberg, tare da kamfanin Bassett-Lowke na Ingila da injiniya Henry Greenly, ya fito da jirgi mai kusan rabin girman lamba 0. Da farko da makulli ake ɗaure shi kamar agogo, daga baya aka yi na lantarki. Faɗin dogon irin wannan jirgi ya zauna a kan milimita 16.5.

Idan ka raba milimita 7 na Ingila gida biyu, za ka sami 3.5 a madadin ƙafa, wato 1:87. Shi ne aka kira HO, ma'ana rabin O. Lissafin kuma ya fita tsaf, domin 1,435 a raba da 87 zai ba ka kusan 16.5. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jiragen Ingila na gaske sun fi na Amurka da na sauran Turai ƙanƙanta, saboda gadoji da ramukan da aka gina musu tun farkon zamanin dogo matsattsu ne. Idan aka rage kan jirgin Ingila sau 87, injin lantarki na wancan zamani ba zai shiga cikinsa ba. Sai masu ƙira suka kumbura jikin jirgin zuwa milimita 4 a madadin ƙafa, wato 1:76, suka bar dogon a kan 16.5 ɗinsa. Wannan shi ne OO. A 1938 kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da Hornby Dublo a kan wannan tsari, sunan ma daga kiran O sau biyu aka samo shi, daga nan bakin alƙalami ya bushe a Ingila.

Sakamakon haka, jirgin OO yana tafiya ne a kan dogon da ya yi masa kaɗan. Idan ka ninka 16.5 sau 76.2 za ka sami milimita 1,257, wato an ci inci bakwai daga faɗin dogo na gaske. Masu tsananin son daidai ba su haƙura ba, suka fito da nasu layi na milimita 18 da ake kira EM, sannan a shekarun 1960 wasu suka je har 18.83 da ake kira P4. Amma kasuwa ta riga ta bi OO.

Kai, sunan OO ɗin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Märklin ya fito da nasa ƙaramin jirgi a 1935 da sunan 00, sai wajen 1950 ya koma kiransa H0. A Amurka kuma kamfanin Lionel ya sayar da nasa OO daga 1938 zuwa 1942, a ma'aunin 1:76 amma a kan dogo mai milimita 19. Saboda haka tsohon kwali mai ɗauke da OO, sai ka fara sanin ƙasar da ya fito da shekarar da aka yi shi.

Airfix da sule biyu

Yanzu bari mu zo kan gidajen. Kafin zuwan roba, da katako da kwali da gwangwani ake yin su. Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma amfani da injin da ke tura narkakkiyar roba cikin ƙarfen zubi, kamar dai yadda ake cika akwatin buga bulo, sai dai shi wannan ƙarfe sassaƙa shi akwai tsada ƙwarai. Da zarar an sassaƙa, kowane gida da zai fito daga ciki araha ne, ribar tana ga yawan da aka sayar. Wannan lissafi shi ya juya akalar komai.

Kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ɗan ƙasar Hangari ya kafa a Landan a 1939, ya yi suna da sayar da kayan haɗi a cikin leda mai ɗan kwali a baki, a kantunan Woolworths, a kan sule biyu. A 1957 ya fara fito da jerin gidajen gefen dogo, irin su masauƙin ƙauye da kanti da gidan mai da ɗakin sigina, daga baya har da coci da gadar masu tafiya a ƙasa. A jikin kayan aka haɗa sunayen OO da HO wuri guda. Tri-ang ma, mai yin jiragen kansu, haka yake rubutawa a kundin tallansa.

Ga jirgi da dogo, rubutun yana da ƙanshin gaskiya, tun da OO da HO duk a kan milimita 16.5 suke tafiya, taragon wannan zai hau layin wancan. Shi kuwa gida ba ya hawa dogo, ba shi da taya. Abin da kawai ya shafe shi shi ne ma'auni, kuma 1:76 da 1:87 ba ɗaya ba ne. Mu ɗauki ƙofa mai tsawon mita biyu: a OO za ta fito milimita 26, a HO milimita 23. Mutum mai tsawon ƙafa shida milimita 24 ne a OO, 21 a HO. Bambancin kusan kashi 14 cikin ɗari ne ta kowace fuska, idan kuwa aka haɗa tsawo da faɗi da tsayi, gidan OO ya fi na HO cika da kusan rabi. Gida ɗaya ba zai cika mudu biyun nan ba. Amma ƙarfen zubi ɗaya da rubutun OO/HO zai sayar a Ingila, ya sayar a Faransa da Jamus da Amurka. Tun ran gini ran zane.

Airfix bai tsaya kan gidaje ba. 'Yan sojojinsa na roba da tankokin yaƙi ma da HO/OO aka riƙa sayar da su. Jiragen samansa kuwa 1:72 ne. Da kasuwa ta nuna masu saye suna son haɗa tanka da jirgin sama wuri ɗaya, sai aka wayi gari kwalayen tankokin da aka sassaƙa a 1:76 suna ɗauke da 1:72. Ƙarfen zubin bai canza ba, rubutun ne ya bi kasuwa. Sai daga baya aka mayar musu da 1:76 ɗinsu.

Jamusawa sun rage mudu

A Jamus babu rikicin OO, kowa H0 yake rubutawa, sai mutum ya zaci can an tsira. Ina! Kamfanonin da suka riƙe kasuwar gidaje su ne Faller, wanda 'yan'uwa biyu Edwin da Hermann Faller suka kafa a 1946 ya zauna a Gütenbach, da Kibri na Böblingen, da Vollmer na Stuttgart. Faller ya fara da katako da kwali, ya koma roba a tsakiyar shekarun 1950. Da yawa daga gidajen da waɗannan kamfanoni suka fitar a shekarun 1950 da 1960 an rubuta musu H0, amma idan aka auna sun fi kusa da 1:100, wasu ma sun fi haka ƙanƙanta. Akwai kuma dabarar barin hawan ƙasa da ƙofarsa kusa da daidai, domin nan ne ake tsayar da 'yan mutanen roba, sannan a matse benayen sama.

Dalilin a fili yake. Dandamalin tasha mai tsawon mita 300, idan aka rage shi sau 87, zai ci kusan mita uku da rabi. Wa ke da irin wannan tebur a gidan haya? Gidan 1:100 kuwa yana rage kusan rubu'in filin da na 1:87 zai ci, ga ragin roba, ga ragin kwali, ga sauƙin farashi. Su ma jiragen ba su cika awo ba. Kwanar da Märklin ya saba sayarwa milimita 360 ce daga tsakiya, wadda a zahiri ba ta wuce mita 31 ba, kwanar da jirgin fasinja na gaske ba zai iya sha ba. Taragon fasinja na Jamus mai mita 26.4 ya kamata ya fito milimita 303, amma aka riƙa yin sa 264, wasu ma 240, don ya iya shan kwanar. Fleischmann kuma a farkonsa ya kumbura nasa jiragen zuwa 1:82. Tun da kowa ya taɓa mudunsa, gajeren gida kusa da gajeren tarago bai dami ido ba.

A Jamus ta Gabas, inda ƙaramin ma'aunin TT na 1:120 ya karɓu sosai, kamfanin Auhagen na Marienberg ya yi gidaje a 1:100 ana sayar da su wa masu H0 da masu TT gaba ɗaya. Wato abin da Ingila ta yi da OO/HO, shi aka maimaita da wasu haruffan.

Plasticville a Amurka

A Amurka bayan yaƙi, kamfanoni biyu ne ke fafatawa a kasuwar jirgin yara: Lionel mai dogon O, da American Flyer na A. C. Gilbert wanda ya koma ma'aunin S, wato 1:64, a 1946. Kamfanin Bachmann na Philadelphia ya fara da ɗan shingen roba a ƙarshen shekarun 1940, ya ga masu jirgi suna saye, sai ya buɗe gari guda mai suna Plasticville, da tasha da coci da ofishin 'yan sanda da kantuna, masu haɗuwa ba tare da gam ba. Tsakanin 1:48 da 1:64 akwai tazarar kashi ɗaya cikin uku, amma Bachmann bai yarda ya bar wa kowa rabin kasuwa ba. Jikin ginin ya karkata wajen 1:64, ƙofofin kuma aka yi su manya wajen 1:48, aka ce na O da S ne. Abin ya tafi daidai, domin jiragen Lionel masu araha, waɗanda ake kira O27, su ma an rage musu jiki don su sha ƙaramar kwana.

Ƙa'ida ta zo, ƙarfen zubi bai mutu ba

Ba wai babu masu sa ido ba. A 1935 aka kafa ƙungiyar NMRA a Milwaukee ta Amurka, a 1954 kuma aka kafa MOROP a Turai, wadda ta fitar da ƙa'idojin NEM masu cewa H0 1:87 ne. Sai dai ƙarfin waɗannan ƙa'idoji yana kan taya da dogo da wutar lantarki, wato wuraren da idan an saɓa jirgi zai goce ko ya ƙi tafiya. Gidan da ya gajarta ba ya kayar da jirgi, bin ƙa'idar kuma ganin dama ne. Abin da ya gyara lamarin shi ne masu saye da kansu. Da harkar ta koma hannun manya masu rula da mujallu masu auna kaya, daga shekarun 1970 zuwa sama sababbin gidaje suka riƙa matsowa kusa da awon da aka rubuta.

Amma tsohon ƙarfen zubi dukiya ce, ba a jefar da shi. Airfix ya durƙushe a 1981, a tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Dapol ya mallaki ƙarafan gidajen dogonsa, ya ci gaba da fitar da su shekara da shekaru. Kibri da Vollmer ma sunayensu sun koma hannun kamfanin Viessmann. Wannan ya sa sabon kwali mai sheƙi yana iya ɗauke da gidan da aka sassaƙa tun shekarun 1950, da awonsa na wancan lokaci.

Abin lura, da Hornby ya fito da sabon ƙaramin jirginsa a 2022, sai ya sa masa suna TT:120, lambar a cikin sunan. Yana da dalili, domin TT ɗin da Tri-ang ya sayar a Ingila daga 1957 milimita 3 ne a madadin ƙafa, kusan 1:101, alhali TT na asali da aka faro a Amurka a tsakiyar shekarun 1940 1:120 ne. Sai da aka kwashe fiye da shekara ɗari kafin lamba ta fara hawa gaban harafi.

Algus ne ko ba algus ba?

Duk wanda ya tashi a kasuwar hatsi ya san mudun wannan gari ba shi ne na wancan ba, ga tiya a Kano, ga kongo a Ibadan, ga derika a Legas. Babu mai kiran wannan algus matuƙar mai saye ya san kwanon da ake auna masa da shi. A nawa ganin, haka OO/HO yake a zamaninsa. Yaron da ya ba da sule biyu a 1957 gidan da zai zauna gefen jirginsa yake nema, ya kuma samu. Matsalar tana kan wanda ya zo daga baya, ya sayi tsohon kwali da tsada ta intanet, ya ɗauki haruffan a matsayin awo, alhali tun asali ba a buga su don haka ba.

Maganin kuwa gani ya kori ji. A auna ƙofar shiga gida, kada a auna ta shago ko ta coci, domin su babu tsayayyen tsawo gare su. Idan ta kai milimita 26 OO ce, 23 HO ce, 20 kuwa 1:100 ce ko me aka rubuta a kwali, idan ta sauka wajen 17 an shiga TT. Sannan a auna tsayin kowane hawa, saboda dabarar nan ta babbar ƙofa a ƙaramin gini. Wanda ya tarar gidansa ya yi ƙanƙanta kada ya jefar, masu harkar sukan tura irinsa can bayan tebur, inda ƙanƙantar take sa ido ya ɗauka nisa ne.

A nan za mu dakata. Mai gyara ko ƙarin bayani ƙofa a buɗe take.